Murfin Kwanon da Yaya Sale Yake Auna Ruwa da Shi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Sale makwancinsa, a maƙabartar ƙauyenmu da ke kusa da Durun. Duk shekara idan damina ta kankama nakan tuna shi, in yi masa addu'a, in ci gaba da sabgogina. Bana abin bai tsaya nan ba. Babban ɗansa, Habu, ya zo mini da wata buƙata wadda wata biyu ke nan ina ja masa rai a kanta: yana so in ba shi rabona na kwarin dam ya yi noman rani. Wannan ɗan siririn fili shi kaɗai ya rage fartanya ba ta taɓa ba, cikin wurin da mahaifinsa ya ƙarar da ƙarfinsa yana karewa. In na ba shi, na karya alkawarin da na ɗaukar wa mamaci. In na hana, na hana ɗan ɗan'uwana abin da zai ci da iyalinsa. Shi ya sa na zauna rubutu, ko na ga gabana.

Yaya Sale masunci ne. Mahaifinmu manomi ne, ba mu gaji ruwa ba, amma muna yara aka datse rafin da ke bayan garinmu aka yi dam, sai ga wasu Sarkawa sun zo da kwalekwalensu sun yi zango. Yaya ya liƙe musu har suka koya masa sana'ar, da suka tashi shi ya zauna. Allo ya yi, bai taka aji ba. Ni aka kai boko, na fito malamin firamare, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunan yanka ba, sai dai Ticha, da wani ɗan murmushi da ban taɓa tantance ko na yabo ne ko na zolaya ba. Masuntan dam suka sa shi gaba suna ce masa Sarkin Ruwa, ba rawani ba alkyabba, sai dai idan ya yi magana ana ji.

Abin da aka fi saninsa da shi wani farin murfin kwano ne. Daga jeren matarsa, Yaya Hajara, ya zaro shi, ya huda tsakiyarsa da ƙusa, ya ɗaura masa guntun ƙarfe a ƙasa don ya nutse, ya zura igiya ya ƙulla ta kamu-kamu. Duk safiyar Juma'a, idan rana ta ɗan ɗaga, zai tuƙa zuwa tsakiyar dam, ya saki murfin a hankali, ya zuba masa ido har farin ya ɓace, sannan ya ƙirga ƙullin da ya jiƙe. Mutane suna tsaye a gaɓa suna dariya, wai Sale yana ba aljanun ruwa abinci a kwanon amarya.

Ni ya taɓa yi wa bayani, wata rana da na tsare shi da tambaya irin ta wanda yake jin ya fi sani. Ya ce: "Ticha, kifi ba ruwa yake ci ba, zama kawai yake a ciki. Kai ma ba iskar ɗakinka kake ci ba." A wurinsa ruwa kala uku ne. Idan murfin ya yi ta tafiya kana hango shi garau, ruwan da yunwa yake, babu komai a cikinsa. Idan ya ɓace nan da nan cikin ja, laka ce ta rufe wa ruwan ido, rana ba ta shiga. Wanda ake nema shi ne ya ɓace wajen kamu ɗaya da rabi cikin kore-kore. Wannan koren, in ji shi, wasu tsirrai ne ƙanana da ido ba ya rarrabewa, rana ce take raya su. Ƙwarin ruwa su ci su, kawara da 'ya'yan karfasa su ci ƙwarin, tarwaɗa ta ci waɗannan, mu kuma mu ci tarwaɗa. Kuma a kowane hawa abin raguwa yake, kamar damin gero da ke cika jaki, a sussuke a sheƙe, ka ga abin da ya rage a ƙwarya. Na gyaɗa kai irin na wanda ya ji tatsuniya mai daɗi, na tafi.

Duk wannan ilimi nasa a kan kwari ya tsaya. Kwarin shi ne gangaren da rafi yake bi ya shigo dam, kuma gonar mahaifinmu ce. Da rani ruwa yakan janye ya bar ciyawa shar. Maimakon ya noma, sai Yaya ya aika wa Fulani su kawo shanu su yi kiwo kyauta, har ya kai musu goro. Shanu su ci, su bar kashi. Idan damina ta sauka ruwa ya hau ya rufe ciyawa da taki, kafin mako biyu wurin ya yi kore, kifi ya shigo ya zuba ƙwai a cikin ciyayi. Daga ranar da ruwa ya taɓa wani dutse da ya yi wa alama, kwana arba'in babu mai jefa koma ko ƙugiya a wajen, ko da ɗansa ne. Mutanen gari suka sa wa wurin suna gonar Sale, wadda ba a shuka ba a girbi. Amma su ɗin ne dai suke cika kwando da karfasa da kaka, dillalai daga Gwarzo da Getso suna jiransu a bakin ruwa.

Yanzu in zo kan nawa laifin, don ba yabon mamaci kaɗai ya zaunar da ni ba.

Shekaru suka tura, masunta suka yawaita. Duk wanda ya rasa abin yi sai ya sayi koma ya faɗa dam. Kamu ya fara ja baya, aka fara gunaguni. Ni ne sakataren ƙungiyar masunta, ba don na taɓa kama ko ƙwaɗo ba, sai don ni na iya rubuta wasiƙa. A wannan shekara an tura ni wata bita ta yini ɗaya a Kano, aka zaga da mu wani gidan kiwon kifi, na ga tarwaɗa maƙil a kwamin siminti har suna hawa kan juna. Na dawo kaina ya kumbura. Ana haka lokacin zaɓe ya matso, mutanen wani ɗan takara suka zo suna tambayar me masunta suke so. Na ce 'ya'yan tarwaɗa, masu yawa, a zuba a dam. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, waɗancan na kwami safe da yamma ake farke buhu ana watsa musu abinci.

Aka kira taro a gindin ɗorawar bakin dam bayan la'asar. Na karanta wasiƙar da na tsara, da Turancina da komai, aka tafa. Yaya Sale yana zaune a kan kifaffen kwalekwale, igiyarsa a hannu. Ya bari kowa ya gama, sannan ya ce: "Jama'a, gidan da tuwo ya gaza, baƙi za a gayyato ko hatsi za a nemo? Tarwaɗar nan da bakinta za ta zo, ba da guzuri ba. Abin da nake gani, a rage koma, a ƙara kwanakin hutu, a bar ruwa ya numfasa."

Ba wanda yake son jin a rage koma. Na ga fuskoki sun juyo gare ni, ni kuma shaiɗan ya hau kaina. Na ce: "Yaya, zamani ya wuce na murfin kwano. Wannan magana ce ta ilimi, ka bar ta ga waɗanda suka yi karatu." Wurin ya ɗauki dariya. Wanda ya sayar da akuyarsa ya saya mini akwatin tafiya makaranta, shi na faɗa wa haka a gaban yaran da ya koya wa tuƙi. Ya naɗe igiyarsa a gwiwar hannu, ƙulli bayan ƙulli, ya yi sallama ya tafi. Kafin wata ya mutu masunta sun zaɓi wani shugaban a madadinsa.

Aka kawo kifin a manyan jarkoki, da kiɗa da jawabi, aka juye a dam. Shekarar farko kuwa sai ka ce ni na yi gaskiya. Tarwaɗa ta samu kawara da 'ya'yan karfasa birjik, ta ci ta yi ɓul-ɓul. Yaya Hajara, wadda suyar kifi ce sana'arta, ta soya har hannunta ya gaji. Ni kuwa ko kasuwar Kabo na shiga sai an nuna ni. Na riƙa bi ta ƙofar gidan Yaya ina gaishe shi da ƙarfi fiye da kima, ina jira ya ce wani abu. Amsa gaisuwa kawai yake yi, ya tambayi yara.

Shekara ta biyu karfasa ta yi wuyar gani. Tarwaɗar da ake kamowa kai ne kawai ƙato, jiki kamar bulala, in an farke ciki wani lokaci 'yar'uwarta za a tarar. Shekara ta uku mutane suka fara kwance gidan sauron da aka raba wa mata masu ciki, suna jan sa a gefen ruwa suna kwashe har abin da bai kai ɗan yatsa ba. Hutun kwana arba'in ya mutu, domin mai tsawatarwa mun riga mun mayar da shi abin dariya. Masu gonaki a gefen kwari suka ga tunda kifi ba ya biya, gara albasa. Aka yi kwami-kwami har bakin ruwa, aka kori shanu don kada su yi ɓarna, aka bi ciyawa da feshi. Ruwan sama na farko ya kwaso jar ƙasa ya zuba a dam.

Ba zan ɗora wa wasiƙata komai da komai ba, don kada in yi wa kaina girman da ban kai ba ko a wajen laifi. Mutane sun ƙaru, ƙasa ta gaji, dam ya cike da yashi, da ni da babu ni wasu abubuwan za su faru. Amma akwai mutum ɗaya da in ya ce a tsaya ake tsayawa, kuma ni na cire wa maganarsa nauyi. Wannan nawa ne, ba na raba shi da kowa.

Ciwo ya kama shi a ranin shekara ta huɗu, idonsa ma ya yi rauni. Wata safiya ya aiko a kira ni, ya ce in kai shi bakin dam. Na goya shi a babur, ina jin ƙasusuwan ƙirjinsa a bayana. Ya zauna a gaɓa ya miƙo mini murfin, ya ce in shiga in auna masa. Na naɗe wando na shiga har ƙugu, na saki. Ko ƙullin farko bai jiƙe ba farin ya ɓace.

Ya ce: "Wane kala?"

Na ce: "Da ɗan kore-korensa, Yaya."

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. "Ticha, ido ne ya tafi, hanci yana nan. Ruwa mai rai ƙarni yake yi. Wannan ƙamshin tukunya sabuwa yake."

Can ya ce in riƙe murfin a wurina, kuma idan an zo rabon gado in bar nawa kason na kwari yadda yake, kada in noma, kada in bayar a noma. Ya ce ko tabarma ɗaya ce ta ciyawa, kifi ya samu inda zai haihu. Na ce na ɗauka. A nan ya kamata in ce masa, Yaya, maganar gindin ɗorawa, ka yafe mini. Sai na ji bakina yana ba shi labarin tayar babur da take sace iska. Daga baya, ranar da jiki ya tsananta, na ce masa mu yafi juna irin wadda kowa yake faɗa a bakin gadon mara lafiya, ya ce babu komai. Amma ban ambaci abin da sunansa ba, kuma ya san ban ambata ba. Ya rasu ruwa bai kai ga dutsensa ba.

Da zai dawo yau ya zaga, ban san ta inda zan fara yi masa bayani ba. Kwalekwalen da suka rage a dam ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, su ma rabin shekara a kife suke. 'Ya'yan masunta sun zama 'yan acaɓa, wasu sun tafi kudu. 'Yan'uwanmu mata sun sayar da kasonsu na kwari, 'ya'yansa sun nome nasu, nawa ne kawai yake tsaye, ɗan zirin ciyawa a tsakiyar albasa, wanda maƙwabta suke tsine wa wai yana tara musu ɓera da maciji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tiren Yaya Hajara. Har yau tana suya a ƙofar gida da yamma, amma kifin daga Gwarzo ake kawo mata shi a kwali, daskararre, kifin teku da ya yi tafiyar da ita ba ta taɓa yi ba. Daga inda take zaune kana hango ruwan dam yana ƙyalli.

Wannan kifin kwali shi ya sa mutanenmu suka kwantar da hankali. Suna cewa in dam ya mutu ai teku tana nan, ita kuwa ba ta da iyaka. Ni ma haka na ɗauka, har wata rana dab da in yi ritaya ina kwashe tarkacen ofis, na ci karo da wani tsohon littafin kimiyya. Ina buɗawa na ga hoton wani mutum a kan jirgin ruwa, ya sunkuya yana sakin farin faifai da igiya a cikin teku. Na zauna a kan benci na karanta. Littafin ya ce masana ma haka suke duba ruwa. Ya ce duk kifin teku, har wanda ya fi ɗaki girma, a kan waɗannan ƙananan tsirrai yake rayuwa, kuma daga mai ci zuwa mai cinsa kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai yake wucewa. Ya ce mafi yawan tekun, shuɗin nan mai kyau a hoto, fayau yake kamar fako, kifi yana taruwa ne a 'yan wuraren da ruwan ƙasa yake tasowa da taki, galibi kusa da gaɓa. Wato ita ma teku kwarinta take da shi. Ana iya ƙera jirgi ya fi na bara girma, a saƙa koma ta fi ta bara tsawo, amma babu wanda zai umarci rana da ruwa su ninka abin da suke dafawa. Abin da na ce wa yayana ya bar wa masu karatu, ga shi a littafin masu karatun, har da hoto.

Da yana nan na san ba zai yi murnar cewa ya yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Zai ɗaga kifin kwalin ne ya juya shi, ya buɗe cikinsa ya ga me ya ci, sannan ya tambayi wa yake ba wannan ruwan hutu. Yaya Hajara ta sha gaya mini cewa kifin da take samu a kwali yanzu bai kai na shekarun baya girma ba, ga tsada. Ban san dalili ba, ba zan yi ƙaryar sani a karo na biyu ba. Amma duk lokacin da ta faɗa sai in tuna dam ɗinmu, don na taɓa ganin yadda irin wannan take farawa.

Makon jiya, ina tsakiyar wannan rubutu, Habu ya dawo. Ya durƙusa ya gaishe ni, muka gama tambayar gida da gona, sannan ya ce: "Baffa, na san abin da Baba ya ce maka, ina bakin ƙofa aka ba da labarin. Wallahi ba raina shi na yi ba. Amma yarana biyar, kasona bai kai ya riƙe mu zuwa damina ba. Ciyawar nan shekara goma sha ɗaya tana tsaye, kifi nawa ta dawo da shi?" Na hau shi da faɗa, na ce 'ya'yan yanzu ba ku san darajar iyaye ba. Ya sunkuyar da kai har na gama. Bayan ya fita na ji kunya ta rufe ni, don in ana neman wanda bai san darajar Sale ba, ba sai an je gidan Habu ba.

Washegari da hantsi na ɗauko murfin daga saman sif, na ari kwalekwale, na sa aka tuƙa ni. A tsakiyar dam ya ɓace a taƙi ɗaya, cikin ja. Na ce a kai ni gefen zirina, inda ruwa ya hau ciyawa. A nan, a wani wuri da bai fi faɗin tabarma ba, ruwan ya ɗan yi duhun kore, kuma da na tsaya cik sai na ga 'ya'yan karfasa, ba su fi cikin tafi ba, suna kewaya farin murfin. Maganarsa ta tabbata ko a tabarma ɗaya. Na ɗaga kai, taku kaɗan daga wurin ga mutum biyu cikin ruwa, sun ja gidan sauro sun tare bakin ciyawar suna jira.

Da yamma na aika aka kira Habu na ce ya je ya noma. Ban ce masa na yi daidai ba, don ban sani ba. Na dai auna ne yadda mahaifinsa yake aunawa, abinci nawa, baki nawa, na ga tabarma ɗaya ba za ta ciyar da dam ba, amma za ta iya kai yara biyar damina. Wataƙila hujja ce kawai na nema wa kaina. Abin da na tabbata shi ne sau biyu ke nan ina saɓa wa mutumin nan a kan ruwa ɗaya, na farko don girman kai, na biyu don tausayi, kuma ga kifin duk ɗaya ne.

Me ya rage na Yaya Sale? Dutsen alamarsa yashi ya binne shi. Hutun kwana arba'in sai tsofaffi ke tunawa, su ma a matsayin labari. Gonar da ba a shuka ba a girbi za ta fitar da albasa bana. Abin da ya rage shi ne tambayar da ya bar mini, wadda ta hana ni kallon kowane ruwa, kowace kasuwa, ba tare da na ce me yake ciyar da wannan, kuma har yaushe ba. Gado ne mai nauyi, kuma ya faɗa hannun wanda ya fi kowa rashin cancanta. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ya yafe mini abin da ban iya roƙa ba.

Jiya na kwance igiyar na kai wa Yaya Hajara murfinta. Tana gaban kasko. Ta goge hannu ta karɓa, ta juya shi, ta sa ɗan yatsa a hujin. Ta ce ranar da ya ɗauka ya yi mata alkawarin zai sayo mata wani, har yau tana jira. Na ba ta labarin littafin, da mutumin da yake sakin farin faifai a teku. Ta saurara har na gama, sannan ta ce: "To Malam, su can ana jin maganarsa?"

Ta ɗauraye murfin, ta kife shi a kan kifin da ta kwashe, ta tsinci ɗan dutse ta toshe hujin saboda ƙuda.